Musayar Tsohuwar Mota Da Sabon Yayi: Lissafin Da Ya Kamata A Yi Kafin A Miƙa Makulli

Duk wanda ya riƙe mota shekara da shekaru yakan kai wata gaɓa da zai fara kallonta da wani ido na daban. Fenti ya koɗe, kujeru sun lotsa, injin ya fara shan baƙin mai, zuwa gareji ya zama tamkar zuwa gaida dangi. Abokan aiki sun sauya tasu, iyali sun fara tsegumi, ga kuma dillali da lallausan harshe yana cewa, "Alhaji, kawo wannan ka yi ɗan ciko, mu ba ka ta zamani ka huta." Shawarar da magidanci zai yanke a wannan gaɓa ba ƙarama ba ce, domin a yawancin gidaje, in an cire gida da fili, mota ce kadara mafi tsada, kuma kuskure a cinikinta kan cinye kuɗin makarantar yara na shekaru.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, a halin da tattalin arzikin Najeriya ke ciki, tsufa kaɗai bai isa ya zama dalilin rabuwa da mota ba. Abin da ya cancanci ya raba mutum da motarsa shi ne lissafi da kuma tsaron rai. Wanda ya musanya don kallon jama'a, sau da yawa yakan sayar da matsalar da ya sani ne ya sayo wadda bai sani ba, ya kuma ɗora bashi a kai.

Mene ne "sabuwa" a kasuwarmu?

A ƙasashen da ake ƙera motoci, in mutum ya ce zai musanya tsohuwa da sabuwa, yana nufin wadda ba a taɓa hawa ba, mai takardar lamunin kamfani na shekara uku ko biyar. Mu ma mun taɓa zama haka. Kamfanin haɗa motocin Peugeot na Kaduna ya fara aiki a 1975, kuma a waɗancan shekarun malamin makaranta ko akawu kan karɓi bashin mota daga gwamnati ya fito da Fijo 504 sabuwa fil. Akwai Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, ga masana'antar haɗa manyan motocin Fiat a Kano. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya su suka karya wannan tsari, suka buɗe ƙofa ga motocin da aka gama hawa a Turai, waɗanda muka laƙaba wa 'yan Beljiyam, 'yan Kwatano ko tokunbo.

Har yau a nan muke. Akwai Innoson a Nnewi, akwai kamfanin Dangote da Peugeot da ya fara fitar da motoci a Kaduna a 2022, ga kuma motocin Sin da ke shigowa, amma mafi yawan masu sayen sababbi dal hukumomin gwamnati ne da bankuna da manyan kamfanoni. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motoci na hannu kusan miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufo, Najeriya tana sahun gaba a masu karɓa. Ke nan ga mafi yawanmu "sabuwar mota" tsohuwar wani ce, wadda ya yi shekara takwas ko goma yana hawa, kuma ba mu san dalilin da ya sa ya rabu da ita ba.

Wannan dalili kuwa ba kullum yake da daɗin ji ba. Da yawa daga motocin da ke zuwa daga Amurka an saye su ne a gwanjon kamfanonin inshora, bayan haɗari ko ambaliya. Guguwar Katrina ta 2005 da ta Harvey ta 2017 sun nutsar da dubban ɗaruruwan motoci, kuma wani kaso na irin waɗannan kan ƙetare teku. A daddaɓe jiki, a shafa fenti, a mayar da agogon kilomita baya, a jera ta a bakin titi tana sheƙi. Motar da ruwa ya taɓa shanyewa ba ta nuna ciwonta ranar ciniki. Sai bayan watanni wayoyinta su fara tsatsa, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe injin ya mutu a tsakiyar hanya ba tare da dalili ba.

Ruɗin tashin farashi

Akwai wata hujja da dillalai ke yawan kawowa, wadda ta cancanci a tsaya a kanta domin tana kama da gaskiya. Sukan ce mota a Najeriya ba ta faɗuwa: wanda ya sayi Corolla shekara shida da suka wuce, yau zai sayar da ita fiye da yadda ya saya. Haka ne, in da naira ake aunawa. Amma ba motar ce ta ƙara daraja ba, naira ce ta rage tata. Kafin watan Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin hukuma. A farkon 2024 ta haura 1,500. Da yake da dala ake sayo mota, da dala ake biyan jirgin ruwa, kuma da farashin dala na ranar kwastam ke ƙididdige kuɗin fito, duk abin da ke da taya huɗu ya tashi.

Abin da ya shafi mai musaya shi ne ratar da ke tsakanin tasa da wadda yake so, wato ciko. Mu ƙaddara tsohuwar ta kai dala 3,000, wadda ake hange kuma dala 10,000. Ratar dala 7,000 ce. A tsohon farashi wannan bai wuce naira miliyan 3.2 da ɗoriya ba. A kan 1,500 ya zama miliyan 10.5. Mai motar yana murna tasa ta ninka sau uku, ya manta cikon ma ya ninka sau uku, alhali albashinsa bai ninka ba. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne a wata, don haka cikon miliyan 10 ya yi daidai da albashin kusan shekara 12 na ƙaramin ma'aikaci.

In da bashin banki za a yi cikon, lissafin ya ƙara muni. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuwa sama da haka suke ba ɗaiɗaikun mutane. Bashin miliyan 10 a kan kashi 30 na nufin kusan miliyan 3 a shekarar farko kuɗin ruwa kawai, uwar kuɗi tana nan. Wanda ya guji riba ya nufi bankunan da ba sa mu'amala da ita, irin su Jaiz da TAJ, zai samu tsarin murabaha, inda banki ke sayen motar ya sayar masa da ribar da aka yanke tun farko. Wannan ya kawar da matsalar shari'a kuma ya sa mutum ya san jimillar abin da zai biya, amma bai mayar da motar araha ba. Dole a tambayi jimillar, kada a tsaya kan abin da za a cire duk wata.

Hujjar man fetur

Hujja ta biyu ita ce shan mai, kuma tana da nauyi tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafi. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ta kuma zarce 1,000 a ƙarshen 2024. Kowa ya fara lissafin tankinsa. Gaskiya ne motocin baya-bayan nan sun fi tattalin mai, amma a sa alƙalami a gani.

A ɗauka mutum yana tafiyar kilomita 15,000 a shekara. Tsohuwar tana shan lita 12 a kowace kilomita 100, ke nan lita 1,800. Wadda zai saya tana shan lita 8, wato lita 1,200. Ya tsira da lita 600. A kan naira 1,000 kowace lita, naira 600,000 ke nan a shekara. Kafin wannan rarar ta biya cikon miliyan 10, sai an yi fiye da shekara 16, lokacin da ita kanta sabuwar ta zama tsohuwar da ake neman musanyawa. Ga direban haya ko ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Abuja duk mako, lissafin kan sauya, saboda nisan tafiyarsa ya ninka wannan sau uku ko huɗu. Ga wanda iyakarsa ofis da makarantar yara da kasuwa, mai kaɗai ba hujja ba ne.

Sannan yawan shan man tsohuwar mota ba koyaushe laifin shekarunta ba ne. Matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe, fulogi da suka gaji, taya mara isasshiyar iska, da na'urar auna hayaƙi da ta mutu aka bar ta, duk suna ƙara sha. Haka nan al'adar nan ta wasu garejojinmu ta cire na'urar daidaita zafin inji a haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasarmu na da zafi: injin da bai kai zafin da aka tsara masa ba yana shan mai fiye da ƙima, yana kuma saurin lalacewa. Akwai kuma zaɓin mayar da mota mai amfani da iskar gas ta CNG, wanda gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shiri a kansa a 2023. Yana rage kashe kuɗi ƙwarai inda akwai gidajen sayar da gas ɗin, sai dai a yawancin garuruwan Arewa har yanzu ba su wadata ba, don haka a fara duba inda za a riƙa cikawa kafin a ɗora tukunya a but.

Wa zai gyara ta?

Wani abu da dillali ba ya sa wa farashi shi ne sanayyar da ke tsakanin tsohuwar mota da ƙasar da take ciki. Dalilin da ya sa Golf 3 da Fijo 406 da tsofaffin Corolla da Camry suka ƙi ɓacewa daga titunanmu shi ne, duk inda suka tsaya akwai mai gyara, kuma kayansu suna nan jibge a Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Apo a Abuja, da Ladipo a Legas. In ta mutu a Tsafe ko a Potiskum, kafin la'asar an tayar da ita.

Motocin zamani kwamfutoci ne masu taya. Da yawansu suna da ƙananan injuna masu turbo da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda da ƙarfin gaske, da akwatin giya samfurin CVT mai buƙatar nasa mai na musamman, wanda in aka zuba masa na gama-gari ya tashi aiki. Irin waɗannan injuna ba sa haƙuri da gurɓataccen mai, mu kuwa ba mu manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol har hukumomi suka janye shi daga kasuwa. Fitilar gaba guda ta wata motar zamani na iya kai kuɗin gyaran injin tsohuwa gaba ɗaya. Mai amfani da batir da fetur a haɗe tana da tattalin mai a cikin gari, amma batirin yana da wa'adi, zafin Sakkwato da Maiduguri kuma ba ya ƙara masa kwana. Kafin mutum ya ƙyasa wata mota, ya je wurin bakaniken da ya amince da shi ya tambaye shi abu uku: ka taɓa buɗe irinta? Kana da na'urar binciken kwamfutarta? In wani abu ya lalace, a Kano za a samu ko sai an aika Dubai?

Yaushe rabuwa ta wajaba?

Kada a fahimci cewa ina kiran kowa ya rungumi akwala har abada. Sabo turken wawa ne, kuma akwai lokacin da riƙe tsohuwa ke zama ganganci.

Na farko shi ne in ƙashin motar ya taɓu. Inji ana sauya shi, giya ana sauya ta, amma motar da tsatsa ta ci ƙarƙashinta, ko wadda ta yi mummunan haɗari aka ja ta aka yi mata walda, ba za ta kare kowa ba ranar karo. An ƙera jikin mota ne yadda zai lanƙwashe a wasu wurare ya shanye bugu. Wanda aka taɓa miƙarwa ya rasa wannan baiwa.

Na biyu shi ne kayan kariya. A nan ne sabon yayi ya fi tsoho da gaske, ba a kyan fitila ba. Amurka ta wajabta jakar iska biyu a gaba tun daga motocin 1998, ta kuma wajabta na'urar da ke hana mota zamewa ta juya daga samfurin 2012. Tarayyar Turai ta bi sahu ga dukkan sababbin motoci a 2014. Magidancin da ke ɗaukar iyalinsa a hanyar Kaduna zuwa Zariya ko Kano zuwa Katsina cikin motar da ba ta da jakar iska ko birkin ABS, yana da hujja mai ƙarfi ta neman wadda ta fi ta. Sai dai ya tabbatar jakar tana nan da gaske, domin a motocin da suka yi haɗari akan liƙe murfin a bar ramin fanko, a kashe fitilar gargaɗi. Masu Honda da Toyota na shekarun 2000 kuma su binciki batun jakunkunan kamfanin Takata, waɗanda aka yi kiranyen miliyoyin motoci a duniya saboda suna iya fashewa su watsa ƙarfe.

Na uku shi ne in kuɗin gyara ya zama albashi. Hanya mafi sauƙi ita ce a riƙe littafi na shekara guda, a rubuta duk abin da aka kashe, a ware na yau da kullum irin su baƙin mai da taya da batir da birki, domin kowace mota za ta ci waɗannan. Abin da ya rage shi ne ainihin kuɗin tsufa. In ya kai rabin darajar motar shekara biyu a jere, kuma ba abu ɗaya ba ne da aka gyara aka huta, to ta fara bankwana. In kuwa babban gyara guda ne, kamar sauya inji a kan miliyan ɗaya da rabi wanda zai ba ta ƙarin shekara huɗu ko biyar, to wannan ya fi cikon miliyan 10 sauƙi nesa ba kusa ba. A haɗa har da abin da ba kuɗi ba: likita ko ɗan kasuwar da motarsa ke yawan yashe shi a hanya yana asarar da ba ta shiga littafin gareji, kuma a wasu hanyoyinmu a yau tsayawa a daji bayan magariba ba batun ɓata lokaci ba ne kawai.

Na huɗu shi ne in buƙata ta sauya: iyali sun ƙaru, ko an koma wurin aiki mai mummunar hanya da ƙaramar mota ba za ta jure ba.

In an yanke shawarar musaya

Dillali ɗan kasuwa ne, kuma a musaya yana cin riba ta fuska biyu: ya karɓi taka a ƙasa da ƙimarta, ya ba ka tasa a sama da tata. Da yake lamba ɗaya kawai ake faɗa maka, wato ciko, ba za ka gane ta inda aka rage ka ba. Maganin wannan shi ne a raba cinikin gida biyu. A fara yanke farashin wadda za a saya kamar da kuɗi hannu aka zo, sannan a fito da batun tsohuwar, bayan an riga an ji abin da wasu masu saye biyu ko uku suka taya. Sau da yawa sayar da ita da kai, ko da za a biya la'ada, ya fi musaya amfani. Abin da musaya ke sayarwa shi ne sauri.

Kada a yi cinikin biri a sama. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, kuma ga waɗanda suka fito daga Amurka ana iya bincika tarihinsu a intanet da ɗan kuɗi kaɗan: haɗari, ambaliya, da kilomitar ƙarshe da aka rubuta. A zo da bakanike na kai, ba na dillali ba. A ɗaga darduma a duba laka da tsatsa, a leƙa ƙarƙashi a ga ko tukunyar tace hayaƙi tana nan, domin akan cire ta a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta. A tuƙa motar har injin ya yi zafi sosai. A tantance takardun kwastam a ofishinsu, musamman da yake a Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma motoci masu takardun bogi sun sha ƙarewa a hannun jami'ai a kan hanya. Ita ma tsohuwar da za a bayar, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu, a tabbatar an sauya sunan mai ita a hukumance, don kada wata rana a aikata laifi da ita a zo ƙwanƙwasa ƙofar wanda ya sayar tun bara.

Saura abu ɗaya da alƙalami ba ya kamawa, kuma shi ne ya fi tura mutane filin dillalai: idon jama'a. A al'ummarmu mota ta zama riga, da ita ake auna mutum a wurin ɗaurin aure da ƙofar ofis. Amma waɗanda za su yaba motar ranar da aka shigo da ita ba sa nan ranar da banki zai cire kasonsa, kuma kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa. Mai mota ya zauna da littafinsa da bakanikensa da iyalinsa. In lissafi ya ce a sauya, ko tsaron rai ya ce a sauya, a sauya da idanu buɗe. In kuwa abin da ya rage a ma'auni shi ne maganar mutane kawai, to a yi mata sabis na gaske, a sa taya masu kyau, a gyara birki, a ajiye cikon don abin da ya fi ta muhimmanci.